Tarihin Maganin Cutar Yawan Jini, daga 1892 zuwa Yau

In aka ce da Bahaushe wane ba shi da jini, ya gane ciwo a ke nufi. In aka ce jininsa ya hau, nan ma ya gane. Amma in aka ce jinin mutum ya yi yawa har yana neman halaka shi, sai mai sauraro ya zaci tuntuɓen harshe ne mai magana ya yi. Harafi ɗaya ne tsakanin hawan jini da yawan jini, alhali kuwa cututtuka biyu ne dabam. Na farko ƙarfin turin jini ne a jikin bangon jijiyoyi. Na biyu kuwa, wanda wannan maƙala ta ke magana a kansa, jinin ne kansa ya ke yin kauri, domin ɓargo yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini fiye da bukata, ya kuma ƙi dainawa. Na ci karo da wannan cuta sa'ad da na ke tattara kalmomin kiwon lafiya don amfanin kwalejojin horon malamai. Neman sunan da ya dace da ita shi ya ja ni ga karanta tarihinta, tarihin kuma ya fi sunan riƙe ni.

Likitoci suna kiranta polisaitimiya bera. Kalmar farko daga Girkanci ta ke, an haɗa saiwoyi uku masu ma'anar yawa, da ƙwaya, da jini. Ta biyun Latin ce, ma'anarta "ta gaskiya" ko "ta ainihi". An ƙara wannan sifa ne don a raba ta da yawan jinin da ke biyo bayan wani dalili. Wanda ke zaune bisa dutse mai tsawo inda iska ba ta da ƙarfi, ko mai tsohon ciwon huhu, jikinsa ya kan ƙara ƙwayoyin jini domin ya rama ƙarancin iskar oksijin. Wani Bafaranshe mai suna Viault ya nuna haka a 1890, da ya hau garin Morococha cikin duwatsun Peru ya ƙidaya ƙwayoyin jininsa da na mutanen wurin. Wannan ƙari ne bisa bukata. A cutar ainihi kuwa babu wata bukata, ɓargon ne ya yi tawaye. A nan zan riƙa ce da ita cutar yawan jini kawai.

Ga yadda a ke gane kaurin. In aka zuba jini cikin siririn bututun gilashi, aka wulwula shi da inji, sai jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan jini ya taso sama. Ga lafiyayyen mutum ƙwayoyin su kan cika kashi arba'in da 'yan kai cikin ɗari na bututun. Ga mai wannan cuta su kan kai 60, wani lokaci har su wuce. Mai karatu ya riƙe wannan awo, wanda zan kira awon kauri, don rabin tarihin nan jayayya ce a kansa. Jinin da ya yi kauri haka tafiyarsa nawa gare ta. Fuskar majinyaci ta yi ja, idonsa ya kaɗa, ga ciwon kai da jiri, ga wani ƙaiƙayi mai tsanani bayan wanka, saifa kuma ta kumbura. Abin da ke kisa dai shi ne gudan jini ya toshe jijiya, a ƙwaƙwalwa ko a zuciya ko a hanta.

Maganin da ya fara zuwa zuciyar kowa a fili ya ke: abin da ya yi yawa a rage shi. Sai dai an gano cutar ne a daidai zamanin da ɗibar jini ta zama abin kunya ga likitocin Turai, kuma ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san dalilin wannan kunya.

Tun zamanin Jalinus, a ƙarni na biyu, masana suna koyar da cewa cikar jini a jiki ita ce tushen cututtuka masu yawa, maganinta kuwa a tsaga jijiya a zubar. Ibn Sina ya yi bayanin tsaga jijiya da yin ƙaho a littafin farko na Alƙanun. Mu ma a ƙasar Hausa mun san wanzami da ƙahonsa, da abin da mutane ke kira mataccen jini. Turawa sun kai abin matuƙa. Da George Washington, shugaban Amurka na farko, ya kwanta da ciwon maƙogwaro a watan Disamba na 1799, likitocinsa sun ɗebe masa jini fiye da lita biyu kafin ya cika. Wanda ya fara karya wannan al'ada da hujja shi ne Pierre Louis na birnin Faris. Bai tsaya yin gardama da Jalinus ba, ƙidaya ya yi. Ya ɗauki majinyata 77 masu ciwon huhu, ya raba waɗanda aka ɗebi jininsu da wuri da waɗanda aka jinkirta wa, ya ga mutuwa ta fi yawa cikin na farko. Ya buga littafinsa a 1835. Kafin ƙarshen ƙarnin, likita mai ji da ilminsa ba ya so a gan shi da askar tsaga.

A 1892 Louis Henri Vaquez, shi ma a Faris, ya ba da labarin wani majinyaci mai kimanin shekara arba'in, wanda fatarsa ta rine, jijiyoyinsa suka cika fal, ƙwayoyin jininsa suka zarce ƙa'ida nesa. Vaquez ya fara ɗora laifin ga zuciya, yana zaton da lahani aka haife ta. Da mutumin ya rasu aka buɗe gawarsa, sai aka tarar zuciya kalau, saifa da hanta ne suka yi girma. A 1903 William Osler na asibitin Johns Hopkins a Baltimore ya tattara labarin wasu majinyata kaɗan, ya nuna cuta ce mai zaman kanta. Daga baya ya amsa cewa Vaquez ya riga shi, shi ya sa har yau a ke haɗa sunayensu biyu a kanta.

Shekaru arba'in da suka biyo baya shekarun laluben duhu ne. An gwada ruwan arsenik, watau guba ce a ke ba mutum kaɗan kaɗan. An haska saifa da dogayen ƙasusuwa da hasken eksire. An ba mutane benzin sun sha. A 1918 likitoci biyu, Eppinger da Kloss, suka kawo fenilhaidirazin, wani sinadari mai farfasa jajayen ƙwayoyi tun suna cikin jijiya. Yana aiki, amma ba shi da linzami: a kan tsai da shi ya ci gaba da ɓarna kwana da kwanaki, majinyaci ya yi shawara, jinin da a ke so a rage ya ƙare gaba ɗaya. Ana ɗibar jini a duk wannan zamani, amma da yawa suna kallonta tamkar abin rage zafi kafin a sami magani na sosai. Wasu ma suna tsoron cewa zubar da jini zuga ɓargo ya ke yi ya ƙara himma.

Maganin da aka ɗauka na sosai ya fito daga inda ba a zata ba. Ernest Lawrence, masanin kimiyyar ƙwayar zarra a Berkeley ta Kalifoniya, ya ƙera injin da ke mai da wasu sinadarai masu fid da tururin nukiliya, aka ba shi kyautar Nobel saboda haka a 1939. Ƙanensa John Lawrence likita ne. Shi ya lura fosfaras ɗin da injin ya sarrafa, wanda a ke kira fosfaras 32, yana taruwa cikin ƙashi da cikin ƙwayoyi masu saurin hayayyafa, watau daidai inda cutar ta ke. Ya buga sakamakonsa na farko a 1940. Dole a yi wa mutanen wancan zamani adalci, don abin da suka gani ya isa ya ruɗi kowa. Allura ɗaya, ba zafi, ba kwanciya asibiti. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi kowane kwana 14, har ya ƙare don kansa. Jini ya daidaita, saifa ta saɓe, mutum ya yi shekara ɗaya ko biyu bai sake ganin likita ba. In an gwada wannan da zuwa asibiti a kai a kai ana huda jijiya, wa zai zaɓi hudar?

Akwai dai wanda ya zaɓa. William Dameshek na Boston, wanda ya kafa mujallar ilmin jini mai suna Blood a 1946, ya tsaya kan cewa ɗibar jini ta wadatar ga mafi yawan majinyata, kuma bai kamata a zuba wa ɓargon mutumin da zai iya yin shekaru da yawa a duniya abin da ba a san ƙarshensa ba. Shi ne kuma a 1951 ya rubuta gajeren sharhin da ya sauya tunanin masana, inda ya ce wannan cuta da wasu 'yan'uwanta, masu yawaita fararen ƙwayoyi ko ƙwayoyin daskarar da jini ko masu busar da ɓargo, duk dangi ɗaya ne. Mutanen fosfaras suka amsa masa da cewa in wasu majinyatansu sun kamu da sankarar jini, ai cutar ce da kanta ke kaiwa can, maganin nasu ya tsawaita ransu ne har suka kai. Wannan amsa tana da daɗin ji, ba kuwa yadda za a ƙaryata ta da baki. Kowane likita yana da majinyatansa da ya ke kafa hujja da su, ba kuma wanda ke da isassu, don cutar ba ta da yawa.

Abu biyu suka tilasta a bar gardamar baki. A 1962 Chievitz da Thiede na ƙasar Danmak suka bi tarihin majinyatan da suka riga suka rasu, suka ga rabin waɗanda ba a yi wa kowane magani ba sun mutu cikin wata 18 da bayyanar ciwon. Saboda haka zama ba magani ba hanya ba ce. A 1965 kuma Modan da Lilienfeld a Amurka suka bi labarin majinyata fiye da dubu, suka nuna sankarar jini ta fi yawa ƙwarai cikin waɗanda aka yi wa magani da tururi. Sai Louis Wasserman na asibitin Mount Sinai a birnin New York ya tara likitoci daga ƙasashe dabam dabam a 1967, suka kafa ƙungiyar binciken wannan cuta. Abin da suka yi shi ne abin da Pierre Louis ya fara, sai dai da tsari mafi kyau. Suka ɗauki majinyata 431, suka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a, don kada son ran likita ya shiga. Kashi ɗaya ɗibar jini kaɗai. Kashi na biyu fosfaras 32. Na uku kuwa wata ƙwayar sha mai suna kulorambusil, wadda a lokacin a ke yabo da cewa ta raba mutane da haɗarin tururi.

Amsa ba ta zo da wuri ba, kuma a ganina wannan shi ne babban abin lura cikin tarihin duka. A shekaru uku na farko, masu ɗibar jini kaɗai su ne suka fi shan wuya, don toshewar jijiya ta fi yawa cikinsu. Da an rufe littafi a nan, da an yanke hukunci cewa Dameshek ya yi kuskure. Amma da aka wuce shekara biyar sai lissafi ya fara juyawa. A 1981 ƙungiyar ta sanar cewa kulorambusil yana jawo sankarar jini, aka dakatar da ba da shi. Da aka kammala ƙidaya, waɗanda sankarar jini ta kama cikin masu ɗibar jini ba su kai biyu cikin ɗari ba. Cikin masu fosfaras sun kusa goma, cikin masu kulorambusil sun haura goma sha uku. Rabin masu ɗibar jini sun wuce shekara 12 da rai, masu kulorambusil kuwa wajen tara. Maganin da aka kawo don a guje wa haɗarin fosfaras ya fi fosfaras ɗin ɓarna. Tsohuwar dabarar da Louis ya kora daga ɗakin masu ciwon huhu, ƙidaya irin tasa ce ta tabbatar mata da gurbi a nan.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan shaida ce ga ƙahon wanzami. Wanzami ya kan tsattsaga fata ne ya zuƙo ɗan jini kaɗan daga samanta, ba ya kuwa auna kome kafin ko bayan aikinsa. Ɗibar asibiti daga babbar jijiyar hannu a ke yinta da allura, kusan rabin lita a zama ɗaya, kamar yadda a ke yi wa mai ba da gudummawar jini, a maimaita bayan 'yan kwanaki har awon kauri ya sauko inda a ke so. Amfaninta na nesa ma ba a zubar da jinin ya tsaya ba. Kowace ɗiba tana tafiya da sinadarin ƙarfe, wanda ɓargo ba ya iya ƙera jajayen ƙwayoyi sai da shi. Watau ana horon ɓargo da yunwa ne da gangan. Shi ya sa ba a ba irin wannan majinyaci ƙwayar ƙarin jini ko da yana kukan kasala, abin da zai yi wa Bahaushe wuyar karɓa, tun da mu a wurinmu jini alamar lafiya ne.

Sauran aiki shi ne a toshe gurbin da gwajin ya nuna, watau toshewar jijiya. Ƙungiyar Wasserman ta gwada asfirin, miligiram 900 a yini tare da wani magani, sai majinyata suka riƙa zubar da jini a ciki, aka tsai da gwajin. Kusan shekara ashirin likitoci suna jin tsoron asfirin a wannan cuta. Sai a 2004 wani gwaji na ƙasashen Turai, da majinyata 518, ya nuna miligiram 100 kacal yana rage toshewar ba tare da wannan ɓarna ba. Laifin ba na maganin ba ne, na mudun da aka auna shi da shi ne. Ga waɗanda haɗarinsu ya fi yawa kuwa, watau wanda ya haura shekara 60 ko wanda jijiyarsa ta taɓa toshewa, aka koma ga haidiroksiyuriya, sinadarin da aka fara haɗawa a Jamus tun 1869, wanda ke rage hayayyafar ƙwayoyin ɓargo. Wannan suna ba baƙo ba ne ga iyayen yara masu sikila a ƙasarmu, don shi ne maganin da a ke ba su, har an yi gwajinsa a asibitocin Kano don kare yaran daga shanyewar ɓarin jiki. Yana da nasa illoli, kamar gyambon ƙafa da lalacewar fata. A 1988 Richard Silver na New York ya fara ba da intaferon, sinadarin da jiki da kansa ke yi don yaƙar cuta.

Duk wannan ana yinsa ba a san abin da ya sa ɓargo ke tawaye ba. An dai san ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙo da wani sinadari mai suna eritirofoyetin, in jini ya yi ƙaranci. A 1974 Prchal da Axelrad suka ga ƙwayoyin ɓargon majinyatan nan suna tsiro cikin kwanon gwaji ko ba a sa musu wannan sinadari ba. A 1976 Adamson da Fialkow da abokan aikinsu suka nuna, daga jinin mata biyu, cewa ƙwayoyin cutar duka zuriyar uwa ɗaya ce. A 2005 ƙungiyoyi huɗu, a Faransa da Ingila da Suwizalan da Amurka, kowace da aikinta dabam, suka gano asalin. Cikin ƙwayar ɓargo akwai wani furotin da a ke kira JAK2, aikinsa kamar na sarkin ƙofa ne: in ɗan aiken ƙoda ya iso, shi ke shigar da umarni cikin gida. Ga kimanin 95 cikin ɗari na masu cutar, harafi ɗaya ya sauya cikin rubutun halittar da ke tsara wannan furotin, sai ya zama yana ta shigar da umarni alhali ba wanda ya aiko. Malamin Hausa ba zai yi mamakin abin da harafi ɗaya ke iya yi ba, shi da ke fama da almajirai kan bambancin bari da ɓari. Wannan sauyi ba gadonsa a ke yi daga iyaye ba, a cikin rayuwar mutum ya ke aukuwa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar da danginta cikin jerin cututtukan daji masu tafiyar hawainiya, ta gaskata Dameshek bayan shekara 57.

Daga wannan sani aka sami gwajin jini mai tabbatar da cutar, aka kuma sami magunguna. Amurka ta amince da ruksolitinib a watan Disamba na 2014, ga waɗanda haidiroksiyuriya bai karɓe su ba. Yana danne JAK2, yana kuma kwantar da ƙaiƙayi da kumburin saifa ƙwarai. Wani sabon nau'in intaferon mai daɗewa a jiki, wanda a ke yin allurarsa bayan mako bibbiyu, ya sami amincewar Tarayyar Turai a 2019, da ta Amurka a 2021. Dukansu suna da tsada mai yawa. A 2024 kuma an buga sakamakon gwajin rusfatayid, wanda ke kwaikwayon sinadarin hanta mai kulle ƙarfe a ma'ajiyarsa, ya hana ɓargo samu. Manufarsa ita ce a sa ɓargo cikin yunwar nan da ɗibar jini ke jawowa, ba tare da an huda jijiya ba.

Amma tambaya mafi sauƙi ita ta fi daɗewa ba amsa: har ina za a rage? A 1978 Pearson da Wetherley-Mein na Landan suka duba takardun majinyatansu, suka ga toshewar jijiya tana ƙaruwa da zarar awon kauri ya haura 45. Likitoci suka riƙe wannan adadi, wasu suna binsa, wasu suna cewa tsanani ne kawai da wahal da majinyaci, 48 ko 50 ma ya isa. Shekara 35 aka yi haka. Sai likitocin Italiya, ƙarƙashin Marchioli, suka raba majinyata 365 kashi biyu da ƙuri'a, aka riƙe awon kashi ɗaya ƙasa da 45, na ɗayan kuma tsakanin 45 da 50. Sakamakon ya fito a 2013. Cikin mutum 182 na kashin farko, biyar ne suka mutu da ciwon zuciya da jijiyoyi ko suka sami babbar toshewa. Cikin 183 na kashi na biyu, mutum 18 ne. An sami wannan adadi shekara 121 bayan Vaquez ya ga majinyacinsa, kuma shi ne likitoci ke aiki da shi a yau, ko da allura su ke ragewa ko da ƙwaya.